Bayan guguwa a bakin Lagdo: ɓarnar da muke ƙarasawa da hannunmu

Duk shekara labarin ɗaya ne. Hadari ya haɗo daga gabas, iska ta kwana tana dukan tafkin Lagdo da ke arewacin Kamaru, gari ya waye kwale-kwale sun hau kan juna, wasu sun cika da ruwa sai bakinsu ake hangowa. Kafin rana ta ɗaga samari sun cika mashaya, wato gaɓar da muke ɗaure jirage, da ihu, kowa na son ceto nasa. Ni ke riƙe da littafin ƙungiyar masu jirage a mashayarmu, kuma abin da nake gani a cikinsa shi ne asarar safiya ta fi ta dare yawa. Bakina ya gaji da faɗa, shi ya sa na ce bari in rubuta.

Wanda ya saba da kogi a Garwa ya zo nan yakan raina ruwan. Tun da aka gama madatsar Lagdo a 1982 aka tare Binuwai, tafkin in ya cika yana haura murabba'in kilomita 500. Iska na samun filin gudu mai nisa kafin ta iso gaɓa, don haka igiyar ruwan da take turowa ba irin ta kogi ba ce.

Abu na farko ma da ake mantawa shi ne mutane. Kafin a taɓa igiya ko ɗaya, a ƙirga waɗanda suka fita jiya, a buga waya tsibirai a ji wa ya kwana a ina. Jirgi zai iya jira.

To, mu zo kan injin, don nan ne ciwon yake. Injin ya kwana cikin ruwa, an tsamo shi yana ɗiga, sai ka ga yaro ya dafe shi da gwiwa ya fizgi igiyar tayarwa. Don Allah me kake nema? Ruwa ya riga ya shiga silinda, kuma ruwa ba ya matsuwa yadda iska da fetur suke matsuwa. Fistin ya taso ya tarar da shi, ƙarfin bai da wurin zuwa, sai ya sauka kan sandar fistin ta lanƙwashe. In akwai yashi a ciki, kowane ja karce bangon silinda yake yi. Ɗan ƙanwata ne ya yi mini wannan aiki da Yamaha mai doki 40 da ban ko gama biyan bashinsa ba. Na iso na tarar yana ta ja, gumi sharkaf. Na ce, "Kai, wa ya aike ka?" Ya ce, "Kawu, so nake kawai in ji ko yana da rai." Da ransa muka tsamo shi. Abin da zai ƙare a wanki da kwalbar mai ya koma sai an farke injin gaba ɗaya a Garwa, ana jiran kaya, jirgi na zaune, masu bin bashi kuwa ba ruwansu da guguwa. Har yau in na ga wani ya kai hannu kan igiyar injin da ya nutse, tsawa nake daka masa ko ɗan wane ne.

Ga yadda ni nake yi. In cire murfi in wanke laka da ruwa mai tsabta. In kwance filogi duka, in kifa injin ramukan su kalli ƙasa, sannan in juya shi da hannu a hankali ruwan ya fita. In na ji ya cije, ko na ji ƙaras-ƙaras na yashi, a nan nake tsayawa, wannan na makaniki ne. In ya juya lafiya, sai in zubar da abin da ke cikin kafireto, in ɗura man injin a ramukan filogi in sake juyawa ya shafe ko'ina, in bar wayoyi su sha iska. Fetur ɗin da ke tanki kuma a zubar da shi, ko a ba masu wanke hannu. Na san zuwa-zuwa, wato fetur ɗin bakin hanya, ta yi tsada, amma lita biyar mai ruwa ba ta kai kuɗin fistin ba. Bayan haka sai sabon haɗin fetur mai ɗan yawan man inji, a tayar da shi ƙafarsa na cikin ruwa, a bar shi yana aiki a hankali kamar rabin awa har zafi ya kori sauran danshi. A duba man giya ma, in ya yi fari kamar madara ruwa ya shige shi.

Akwai kuma masu sanyin jiki, su ne ɗaya gefen. Su tsamo injin su jingine shi a bango wai sai ranar kasuwa makaniki zai zo. Ƙarfen ciki da ya jiƙe, da zarar ya sha iska tsatsa ta fara cinsa, ba ta jiran ranar kasuwa. A gyara shi a ranar. In babu hali, ni nakan mayar da shi cikin duro mai ruwa mai tsabta ya nutse gaba ɗaya har mai gyara ya iso. Wasu dattawanmu na yi mini dariya a kan wannan, suna cewa wa ke maganin ruwa da ruwa. Su yi ta yi, ni dai injina bai taɓa kamewa ta wannan hanya ba.

Sai jirgin kansa. Za ka ga ƙarti goma sun kama igiya suna waƙa, suna jan kwale-kwale cike da ruwa zuwa tudu. Lita 1,000 ta ruwa tan guda ce cur, kuma babban jirgin katako yana ɗaukar ninkin haka. Muddin yana cikin tafki, ruwan waje na tallafe da na ciki. Da goshinsa ya hau yashi, nauyin duka ya koma kan ƙusoshi, katakai su buɗe, wani lokacin gindin ya tsage tun daga tsakiya. Sai a ce guguwa ce ta fasa shi. Ƙarya ne, ku kuka fasa shi. A kai shi inda ruwa bai wuce ƙugu ba, a ɗaga bakinsa ya fito sama, a kwashe ruwan da yankakkiyar jarka har ya taso da kansa, sannan a shimfiɗa itatuwa a ƙasa a gangara shi a kai.

Ya hau tudu kuma sai gaggawar kwalta. Kwalta ba ta kama jiƙaƙƙen katako, za ta yi kyau a ido, mako guda ta ɓare. Amma kada a ce don haka a bar shi a rana tsawon wata, katakon zai tsuke, kafofin da ba su nan a da su buɗe. Ni nakan kifa shi in rufa masa zana har saman katakon ya bushe, in bi shi da guduma ina ƙwanƙwasawa, inda sauti ya mutu nan ruɓa take. A zare tsohon toshi, a cusa sabon auduga, a canja ƙusar da ta yi tsatsa, sannan kwalta. Masu liƙa guntun kwano a kan tsaga su buga ƙusa kuwa, ɓoye ciwon kawai suka yi, ruwa na nan a ƙarƙashi yana aikinsa.

Maganar ɗauri ta fi ba ni haushi a lokacin hutun kamun kifi, daga 1 ga Yuli zuwa ƙarshen Satumba. Mutum ya ɗaure jirginsa da gajeriyar igiya ya tafi gona abinsa. A daidai lokacin ne kogunan Binuwai da Mayo Rey ke kawo ruwa, tafki na hawa, turken da ka kafa a busasshiyar ƙasa ya koma ƙarƙashin ruwa, igiya ta ja goshin jirgi ƙasa, iska kaɗan ta cika shi. A saki igiya da tsawo, a riƙa matsar da turaku sama, a sa tsohuwar taya tsakanin jirgi da jirgi, a kuma ɗaure shi goshi na fuskantar ruwa. Turken da guguwa ta girgiza kada a sake buga shi a raminsa, ƙasar wurin ta riga ta saki.

Ƙananan kuma ba sa ƙarewa. Shiga laka ba takalmi, ga ƙusa ga ƙugiya. Tayar da injin kusa da gaɓa alhali yagaggun taruna na yawo a ruwa suna jiran farfela. Bin tsohuwar hanya da gudu, an manta iska ta kawo gungume inda babu shi jiya. Barin yara su kaɗai suna kwashe ruwa da magariba, a tafkin da ke da dorina. Rigar ceto kuma an mai da ita matashin kai.

Rigimar da ta fi daɗewa ita ce ta wa ya fasa wa. Da an ja jirage an raba su, shaida ta tafi, sai rantsuwa da gaba har shekara ta zagayo. A mashayarmu ba mai motsa komai sai na zaga da sarkin ruwa da dattawa biyu, mun ɗauki hoto da waya, mun rubuta igiyar wa ta tsinke da jirgin da ya hau wani. Wanda aka gargaɗe shi kan ruɓaɓɓiyar igiya bai canja ba, shi zai biya. Kuɗin asusun ƙungiya kuma ba a raba shi hannu-hannu don a burge masu kuka, katakon da ake takawa a shiga jirgi da turakun kowa da kowa ake fara gyarawa. Kafinta ma layi ne: jiragen da ke kai mutane da marasa lafiya daga tsibirai su ne gaba, sai na masu kawo kifi kasuwa, sauran su biyo baya, har da nawa.