Tsoron Ɓata Yadi: Kurakuran Masu Koyon Ɗinki a Katsina

Leƙa shagunan teloli daga Ƙofar Ƙaura har Ƙofar Marusa, da wuya ka rasa yaron nan da ya fi kowa tsanaki, kuma ya fi kowa daɗewa bai iya ba. So yake kaftaninsa na farko ya fita kamar na maigidan da ya shekara 20 a kan keke.

Kuskuren da ya fi cin irin waɗannan yara shi ne gudun almakashi. Wata da watanni yana guga, yana saka maɓalli, amma da an ce ya yanka sai hannu ya ɗau rawa. Ai ba wanda ya ce ka fara da shaddar Getzner da ake kawowa daga Ostiriya. Samo takardar buhun siminti, ka zana da alli, ka yanka, ka ɓata, ka sake. Daga nan ka koma ƙyallaye da yadi mai arha. In ka zo kan na mutane, bar rarar inci 1 a gefe. Riga mai yawa ana rage ta, wadda ta matse kuwa sai dai a ba mai ita haƙuri.

Sai masu farke-farke. Layi ya ɗan karkace a ciki, inda ba idon da zai gani, a farke. A sake, a kuma farkewa. Shadda ba ta yafe wannan: hujin allura na zama, ƙyallinta ya dushe, a garin neman gira a rasa ido. Ka san wuraren da ake kallo, wato wuya, kafaɗa, aljihu da tsawon hannu. Nan za ka tsananta. Sauran, in ɗinkin ya kama da ƙarfi, wuce.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne ɓoyo. Yaro ya yanka hannun riga ya gaza, sai ya cusa a ƙarƙashin tebur, ba za a gani ba sai mai kaya ya zo karɓa. Da tun da safe ya ce, "Maigida, ga abin da na yi," da an san dabarar ƙari ko an nemo yadi irinsa a kasuwa. Ku ma masu gida da naku laifin: yaron da ake zagi kan kowane kuskure, ɓoyo zai fara iyawa kafin ɗinki.

Kuma a daina cewa "ni dai ba ni da hannun ɗinki". Nemi dalili. Zare na cukurkuɗewa a ƙasan yadi? Galibi na sama ne ya yi sako-sako ko ba a zura shi daidai ba. Keke na tsallake? Duba allura, ƙila ta lanƙwashe ko an saka ta a juye. Ware shafi a bayan littafin awo, ka riƙa rubuta abin da ya faru da yadda aka gyara.

Lokacin Sallah kuma kada goge-goge ya sa ka riƙe kayan mutane har jajibiri. Wanda zai je kallon Hawan Bariki, ko Hawan Magajiya a Daura, rigarsa yake so a jikinsa ranar. Sa wa kanka ka'idar gama kowane kaya kwana 3 kafin alkawari, don a gwada, a gyara abin da ya fito.