Yadda ake sa kuɗi a ƙaramin kamfanin haƙar ma'adinai

Fara da takarda. Karɓi lambar lasisin kamfanin ka bincika a ofishin Mining Cadastre da ke Abuja, mai ba da lasisin ma'adinai: sunan wa ke kai, yaushe zai ƙare, ana biyan kuɗin shekara? A Nuwamban 2023 gwamnati ta soke lasisi 1,633 saboda rashin biyan nan. Duba irin lasisin kuma. Lasisin bincike na shekara 3 ne, izinin nema kawai yake bayarwa, ba na haƙa a sayar ba. Na ƙaramar haƙa shekara 5, filinsa bai wuce murabba'in kilomita 3 ba. Mai lasisin bincike da ke maka alkawarin riba cikin wata shida, rabu da shi.

Inda sababbin shiga suka fi faɗuwa shi ne samfuri. Za a kawo maka dutse a leda yana ƙyallin gwal, har da sakamakon gwaji mai hatimi. Gwajin na iya zama gaskiya, amma dutsen zaɓo shi aka yi daga cikin dubu, wani lokaci ma daga ramin wasu. Ɗauko masanin duwatsu naka, wanda kai za ka biya. Ku je filin, ya ɗebo daga wurare da yawa, jikin jijiyar farin dutsen (layin da gwal ke bi a cikin ƙasa) da gefenta, sama da ƙasan rami, kowane buhu da lambarsa. Kada ma'aikacin kamfanin ya taɓa buhunan, barbaɗa garin gwal ba wuya. Raba kowane samfuri biyu: rabi ɗakin gwajin NGSA, hukumar binciken ƙasa da duwatsu ta Najeriya, a Kaduna, rabi wani wurin. Abin dubawa shi ne giram nawa na gwal a tan ɗaya na dutse, kuma jijiyar ta yi nisa ko a nan ta tsaya. Kuɗin masanin zai yi maka ciwo, biya kawai. In suka hana ka zuwa filin, magana ta ƙare.

Sauran ba wuya. Hannun jarinka ya shiga rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da sunanka, kada ka tsaya a "ai mun san juna". Biya kashi-kashi, kowane kashi bayan aikin da ka gani da idonka. Nemi ganin yarjejeniyar da kamfanin ya yi da mutanen gari da mai gona. Ka auna tsaro: an hana haƙa a Zamfara daga 2019 har Disambar 2024, duk wanda injinsa ke can ya yi zaman jira sama da shekara 5.