Yadda za ka binciko tarihin tsohon gini a ƙaramin garin Amurka

Shekara biyu na yi ina bin diddigin wani tsohon shago na jan bulo da ke bakin babban titi a wani ƙaramin gari na jihar Ohio. Ga hanyar da na bi, har da inda na yi tuntuɓe.

Fara da ofishin rajistar filaye na gundumar, wanda galibi yana cikin ginin kotu. Nemi takardar mallakar da ake da ita yanzu. A cikinta za ka ga sunan wanda ya sayar, sai ka nemi takardar da shi ya saya da ita, haka har ka dangana da asali. Aikin na cin lokaci, kuma rubutun hannun mutanen da sai an ƙura ido, amma babu abin da ya kai shi tabbas.

Daga nan sai taswirorin Sanborn. An zana su ne domin kamfanonin inshorar gobara, kuma ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya ɗora dubbansu a intanet kyauta. Ginin bulo ana shafa masa ruwan hoda, na katako kuma ruwan ɗorawa. Jera taswirar shekaru daban-daban ka duba. Ni a nan na gano cewa ɗakin bayan shagon ƙari ne, don a tsohuwar taswira fili ne kawai a wurin.

Ginin ma yana da bakin magana. Hau saman rufi da tocila ka duba ƙusoshi. Mai kusurwa huɗu ta girmi zagayayyar ƙusar waya, wadda ta mamaye kasuwa wajen shekarun 1890. Kada ka kankare fenti da garaje, domin sai a 1978 aka hana fenti mai dalma a gidaje, kuma ƙurarsa guba ce, musamman ga yara.

Abin da har yau yake ci mini rai shi ne siminti. Magina na da sun ɗaure bulonsu da kwaɓin farar ƙasa da yashi, mai taushi, mai barin danshi ya fita. Na bar wani magini ya cike tsagogin bango ɗaya da siminti. Bayan sanyi biyu, ruwan da ya maƙale a cikin bulon ya daskare, fuskarsa ta fara ɓarewa. Na tsugunna na tsinci gutsattsarin a tafin hannuna, ja wur, suna marmashewa kamar busasshen burodi. Don Allah, ka nemi wanda ya san kwaɓin farar ƙasa, ko da zai fi tsada.

In ka tara hujjoji, tuntuɓi ofishin adana kayan tarihi na jiharka. Ta nan ake shigar da gini cikin rajistar wuraren tarihi ta ƙasa, wadda dokar 1966 ta kafa. Yawanci ana so ginin ya kai shekara 50, kuma bai rasa kamanninsa na asali ba. Shiga rajistar ba ta hana mai gini rushe abinsa, dokar gari ce ke iya yin wannan. Amma ginin da ake kasuwanci a ciki ko ake bayarwa haya na iya samun rangwamen harajin tarayya na kashi 20 cikin 100 na kuɗin gyara, muddin an bi ƙa'idojin gwamnatin tarayya na gyaran gine-ginen tarihi. Saboda haka ka ɗauki hoton kowane lungu, ka miƙa wa ofishin jihar tsarin gyaran tun kafin lebura ya ɗaga guduma.