Yadda Ake Karanta Tagwayen Hanyar Kaduna zuwa Kano

Duk direban da ya hau babbar hanya daga gadar Kwangila a Zariya, ko ya nufi Kano ko ya nufi Kaduna, ya kamata ya san cewa kowane sashe na titin da aikin da aka yi shi dominsa. Hanyar wani yanki ce na titin A2, kuma tsawonta daga Abuja zuwa Kano ya kai kimanin kilomita 375.

Kowane hannu yana da layi biyu. Tun da Najeriya ta koma tuƙin hannun dama a 1972, layin dama shi ne na tafiya, na hagu kuwa na wuce wata mota ne kawai. Idan ka wuce, sai ka kunna sigina ka koma dama. A ganina, babu ɗabi'ar da ta fi ɓata tsarin hanyar nan kamar direban da zai kafe a hagu yana tafiyar hawainiya, har ya tilasta wa na bayansa su wuce shi ta dama. Ƙa'idar Hukumar Kiyaye Haɗurra ita ce ƙaramar mota kada ta haura kilomita 100 a awa ɗaya, tirela da tanka kuma 60.

Shinge ko filin da ke tsakiya shi ne ya raba masu zuwa da masu dawowa, don haka ba a juyawa sai inda aka bar ƙofa. Wanda ya ƙi ƙarasawa can ya bi wan-we, ya sayi haɗari da kuɗinsa.

Kafaɗar titi, wato abin da ke bayan farin layi na gefen dama, ta motar da ta lalace ce. Idan hakan ta same ka, ka fita daga layi gaba ɗaya, ka kunna fitilun gargaɗi, sannan ka ajiye alamar nan mai kusurwa uku can baya da nisa, domin ganyen da aka saba yayyafawa ba ya ƙyalli da dare. Sai dai a karkara kafaɗar ba ta rasa masu ita: a Mararrabar Jos da Tashar Yari tireloli ne jere, wajen Kura kuwa da kaka za ka tarar an shanya amfanin gona, ga masu babura da yara 'yan talla. Da zarar ka hango rumfuna, ko makiyayi da sanda a bakin titi, sassauta ƙafa tun daga nesa, musamman lokacin hunturu da hazo kan rufe gaba.