Babi na 6: Shirya Ƙaramin Yaro Kafin a Sa Shi Barcin Tiyata

Wannan babi na iyayen da likita ya ce za a yi wa ɗansu aiki ne, yaro ɗan shekara 1 zuwa 3, wanda ya fara tafiya amma bai iya faɗin abin da ke damunsa ba. Ko ƙaba za a gyara masa, ko tsagewar leɓe, ko hoton cikin kai za a ɗauka ana so ya kwanta ba motsi, duk sai an sa shi barci. Ku karanta a hankali. Wadda haɗa baƙi bai zauna mata ba tukuna, ta sa ta kusa da ita ta karanta, ita kuma ta riƙa bi da yatsa. Ba abin kunya ba ne, koyo muka zo yi.

Darasi na 1: Wane irin barci ne?

Magani ne ke kawo wannan barci. Akwai likita na musamman, ko ma'aikacin jinya da aka horar, wanda aikinsa ke nan, kuma ba shi ne mai yin aikin ba. Yana ba da maganin ta ɗaya daga hanya biyu: ko iska da yaro zai shaƙa ta wata roba mai laushi da ake kifa masa a hanci da baki, ko allura ta jijiya. Yaro ba ya jin zafi, ba ya sanin abin da ake yi. Likitan barcin yana tsaye a kansa daga farko har ƙarshe, yana lura da numfashinsa da bugun zuciyarsa.

Iyaye mata sukan tambaye ni, "Malama, ba zai taɓa masa ƙwaƙwalwa ba?" An yi wani babban bincike a ƙasashe 7 kan jarirai 722 da aka yi wa aikin ƙaba, aka fitar da sakamakon a 2019. Da yaran suka kai shekara 5 aka gwada basirarsu, sai aka ga waɗanda aka sa barci sau ɗaya, na kamar awa ɗaya, ba su bambanta da waɗanda aka yi wa aikin ba tare da an sa su barci ba. In aikin mai tsawo ne, ko za a yi ta maimaitawa, ku zauna da likita ku tambaye shi.

Abin da ya kamata ku ji tsoro daban ne. A maƙogwaro hanya biyu ce, ɗaya ta abinci zuwa ciki, ɗaya ta iska zuwa huhu. A bakin hanyar iska akwai mai gadi. Shi ne ke sa ku tari in kun ƙware. To maganin barci har mai gadin nan yake kwantarwa. In akwai abinci a cikin yaro, yana iya tasowa ya gangara huhu, ba tari, ba mai tare shi. Wannan yana iya kashe yaro. Shi ya sa ake hana shi ci da sha kafin aiki, abin da a asibiti za ku ji ana ce wa azumi.

Darasi na 2: Ƙirga awa

Wannan shi ne darasin da ake faɗuwa. Ku ba shi lokaci.

Ɗauko takardar da aka ba ki a asibiti. Nemi rana, nemi lokaci. In kin ga 8:00, ƙarfe takwas ke nan. In an sa AM a gefe, safe ne. In an sa PM, daga tsakar rana ne zuwa dare. A Nijar za ki ga 8h, ƙarfe takwas na safe, ko 14h, ƙarfe biyu na rana. In kin ga haruffa uku, N P O, ko kika ga à jeun a takardar Faransanci, ana nufin kada komai ya shiga bakin yaro. In ba ki gane rubutun likita ba, kada ki bar asibitin sai nas ta faɗa miki da baki, ke kuma ki maimaita mata abin da kika ji.

Ga lambobi uku da yawancin asibitoci ke bi: 6, 4, 2.

Abinci da madarar gwangwani da nonon shanu: a tsaya awa 6 kafin aiki.
Nonon uwa: a tsaya awa 4 kafin aiki.
Ruwa zalla: a tsaya awa 2 kafin aiki.

Ku faɗa da baki: abinci shida, nono huɗu, ruwa biyu. A sake. Abinci shida, nono huɗu, ruwa biyu.

Abinci mai nauyi, kamar nama ko soyayyen abu ko miya mai yawan mai, yana daɗewa a ciki, shi awa 8 ake ba shi. Don haka a daren nan a ba yaro abu mara nauyi. Wasu asibitocin suna barin ruwa har saura awa 1, wasu kuma sukan ce daga ƙarfe 12 na dare kada ya ci komai. In abin da likitanku ya faɗa ya saɓa da na littafin nan, na likita za a bi.

Yanzu zana agogo a littafinki. A ce aikin ƙarfe 8 na safe ne. Ɗora yatsa a kan 8. Baya za mu koma, ba gaba ba. Kada ki ƙirga 8 ɗin da yatsanki ke kai. Matsa zuwa 7, ki ce ɗaya. 6, biyu. 5, uku. 4, huɗu. 3, biyar. 2, shida. Yatsa ya tsaya a kan 2. Ke nan daga ƙarfe 2 na dare babu abinci.

Koma kan 8. Na nono yanzu. 7, ɗaya. 6, biyu. 5, uku. 4, huɗu. Daga ƙarfe 4 na asuba babu nono.

Koma kan 8. Na ruwa. 7, ɗaya. 6, biyu. Daga ƙarfe 6 na safe ko ruwa babu.

Madalla. In amsarki ta fito 3 maimakon 2, kin ƙirga da 8 ɗin ne. Goge ki sake, kin kusa.

Mu gwada wani. Aiki ƙarfe 10 na safe. Yatsa a kan 10. 9, ɗaya. 8, biyu. 7, uku. 6, huɗu. 5, biyar. 4, shida. Abinci ya tsaya ƙarfe 4 na asuba, nono ƙarfe 6, ruwa ƙarfe 8.

Ga wanda ke rikita mutane: aiki ƙarfe 2 na rana. Yatsa a kan 2. 1, ɗaya. Bayan 1 in ana komawa baya sai 12, ba sifili ba. 12, biyu. 11, uku. 10, huɗu. 9, biyar. 8, shida. Abinci ya tsaya ƙarfe 8 na safe, nono ƙarfe 10, ruwa ƙarfe 12 na rana.

Ku lura, lokacin da kika samu shi ne lokacin da yaro ya riga ya gama, ba lokacin da zai fara ba. In an ce ƙarfe 4, to ƙarfe 4 ta same shi ya saki nono. Kuma kada ki dogara da kiran salla ko carar zakara. Sa ƙararrawar waya, sau uku, ɗaya ga kowace lamba.

Mene ne ruwa zalla? Zuba shi a kofin gilashi, ɗora yatsa a bayan kofin. In kina ganin yatsanki sarai, shi ne. Koko abinci ne. Kunu abinci ne. Fura, kunun zaƙi, kunun gyaɗa, kunun aya, shayi mai madara, yogot, duk abinci ne, awa 6. Ko kin tsinka kokon ya zama tsararo, yana nan a abincinsa. Alewa da biskit da dabino da zuma, abinci ne. Rubutu da ruwan tofi, wanda zai ba ɗansa ya ba shi tun jiya da yamma. Da safe a tofa masa addu'a a jiki, ta wadatar.

Na sha jin "ai ɗan kaɗan ne, Malama, cokali biyu kawai." Haba! Huhun yaro ɗan shekara biyu nawa yake? Wace ce ta auna ta ce cokali biyu ba ya komai? Tausayin da zai kai ɗanki ga shaƙewa ba tausayi ba ne. Zai yi kuka, na sani, kukan yunwa yana da cin rai. Goya shi, zagaya da shi, kunna masa wani abu a waya. Kada ki ba shi.

Masu shayarwa, ku saurara da kyau. Yaron da ke kwana a jikin uwa yakan lalubo nono da kansa uwar tana barci, ba ta ma sani ba. Ki ba shi ya ƙoshi kafin lokacin ya cika, sannan ki miƙa shi ga babansa ko kakarsa ya ƙarasa kwana a can. In ba mai karɓa, sa riga mai rufe ƙirji ki ɗaura zane a kai. Nono awa nawa? Huɗu.

Sannan ba ke kaɗai ce ke ba yaron nan abinci ba. Akwai kaka, akwai abokiyar zama, akwai yayyensa, akwai baiwar Allah da za ku zauna benci ɗaya a asibiti ta ji yana kuka ta miƙo masa biskit. Tun dare a tara mutanen gida a faɗa musu. A kawar da kwanuka da kofuna daga inda hannunsa ke kai. Kada a karya kumallo a gabansa. Maigida, wannan aikinka ne, kai za ka yi wa Hajiya bayani, ta fi jin taka.

Kada kuma a zarce. Wasu don tsoro sukan hana yaro ruwa tun magariba, ya iso asibiti a galabaice, jijiya ta ɓuya, a yi ta neman inda za a sa allura. Ba shi ruwa har lokacin da aka yarda. In kun je an yi ta jinkiri, rana ta take ba a kira ku ba, je ki gaya wa nas tun yaushe rabonsa da ruwa. Ita za ta san abin yi. Kada ki yanke hukunci da kanki.

To in an yi kuskure ya ci fa? Faɗi. Likitan barci zai tambaye ki, "Yaushe rabonsa da ci da sha?" Ki faɗi abin da ya ci da lokacin da ya ci. Na san an sha hanya, an kashe kuɗin mota, an daɗe ana jiran wannan rana, kuma ana gudun faɗan nas. Iyakarta a ɗaga aikin zuwa anjima ko wata rana. Uwar da ta ɓoye ta ce bai ci ba alhali ya ci, ta sa likita ya yi aiki a makance, kuma ran ɗanta ta jefa a haɗari. Ban san yadda zan sassauta wannan magana ba.

A sake faɗa: abinci shida, nono huɗu, ruwa biyu.

Darasi na 3: Abin da za a gaya wa likita

Kada ki jira sai an tambaya. In yaro yana mura, tari, zazzaɓi, gudawa ko amai a makonnin nan, faɗi, domin hanyar numfashin yaron da bai daɗe da yin mura ba tana saurin tsukewa a lokacin barci. Wataƙila a ɗaga aikin.

In yana da sikila, wannan ita ce magana ta farko da za ta fito daga bakinki. Mai sikila ba a barinsa da ƙishirwa ko sanyi, shirinsa daban ne, wani lokaci akan kwantar da shi tun jajibiri a sa masa ƙarin ruwa. In ba a taɓa gwada jininsa ba, nemi a gwada.

Faɗi in yana da asma, ko farfaɗiya, ko ciwon zuciya, ko yawan minshari, ko bakwaini aka haife shi. Faɗi in wani magani ya taɓa fito masa da ƙuraje ko kumburi. Faɗi in a danginku ko dangin babansa an taɓa sa wani barci abin ya zo da matsala. Zuba duk magungunan da yake sha a leda ki tafi da su, har da jiƙo da tsimi na gargajiya. Likita ba kama ki zai yi ba.

Za a ba ku takardar amincewa. Kada a sa hannu ko a dangwala yatsa sai an karanta muku da Hausa. In maigida ne zai sa hannu, ya zo da kansa, ya zo da wuri.

Darasi na 4: Ranar aiki

A yi masa wanka, a kula kada ya sha ruwan wankan. A cire laya da guru da 'yan kunne da awarwaro. Kada a sa lalle ko jan farce, domin akwai na'urar da ake maƙala wa yatsa, launi yana iya rikita ta. A ɗauki katin asibiti, takardun gwaji, kayan canji, da zanen goyon da ya saba da ƙamshinsa.

Ɗan shekara biyu ba ya buƙatar dogon bayani. Da safen ki ce masa, "Za mu je wurin likita, za ka yi barci, in ka tashi ina nan." Kada a yi masa ƙarya, kuma a daina tsorata yara da allura. In an bar ki kin shiga da shi, za ki ga yana mutsu-mutsu, ido yana juyawa, sannan jiki ya saki. Haka maganin yake yi. In za ki yi kuka, bari sai kin fito.

Kafin ku bar gida, an ba shi wani abu? A tambayi kowa.

Darasi na 5: Bayan ya farka

Zai iya tashi da kuka da fizge-fizge kamar bai san ki ba. Yakan wuce cikin ɗan lokaci. Riƙe shi, kada ya tuge allurar hannunsa. Kada ki ba shi komai sai nas ta ce. A fara da kurɓin ruwa ko nono.

A gida a sa masa ido kwana ɗaya cur, zai riƙa tangaɗi. Maganin zafi, yadda aka rubuta kawai. In numfashi yana yi masa wuya, ko an kasa tashinsa, ko amai ya ƙi tsayawa, ko jini yana zuba, ko jiki ya yi zafi, a koma asibiti nan take.

Aikin gida

Zana agogo uku. Aiki ƙarfe 9 na safe, ƙarfe 11 na safe, ƙarfe 1 na rana. A ƙarƙashin kowanne rubuta lokacin tsayar da abinci, da nono, da ruwa. A kawo ranar darasi na gaba, kuma kowa ta yi nata da kanta.