Kurakuran da ɗaliban lantarki ke yawan yi a darasin AM, FM da ɗibar samfuri

Ɗalibi zai zana maka igiyar AM, wato wadda ake ɗora wa saƙo ta hanyar sauya tsayinta, tsaf, amma da ka tambaye shi me ya sa ake ɗora murya a kan wata igiya mai saurin kaɗawa, sai ya ce don a ƙara mata ƙarfi. Ba ƙarfi ake nema ba, matsalar ta eriya ce. Sautin da ke kaɗawa sau 3,000 a daƙiƙa, in aka watsa shi tsurarsa, tsawon zangonsa kilomita 100 ne, eriyar rubu'in zango kuwa sai ta kai kilomita 25. A megahaz 100, wato kaɗawa sau miliyan 100 a daƙiƙa, santimita 75 ta wadatar. Ga shi kuma da kowace tasha za ta saki muryarta haka nan, da duk sun cakuɗe. Igiyar dako, wato wannan igiya mai saurin kaɗawa da ake ɗora murya a kanta, ita ce ke ba kowa gurbinsa.

Kuskuren da ya fi yaɗuwa, har a wajen tsofaffin ma'abota rediyo, shi ne cewa AM ce ke cin nisa, FM ba ta ci. Gaskiya ne sashen Hausa na BBC, da aka buɗe a 1957, ya shiga ƙauyuka ta gajeren zango, amma zangon ne ya kai shi. Igiyoyin megahaz 3 zuwa 30 suna karo da wani sashe na sararin sama mai caji, su komo ƙasa can nesa. Tashoshin FM kuwa suna tsakanin megahaz 87.5 da 108, inda igiya ke ratsa wannan sashe ta wuce. Matuƙan jirgin sama da AM suke magana a megahaz 118 zuwa 137, kuma muryarsu ba ta tsallaka teku kamar ta gajeren zango. Inda FM ta yi zarra shi ne tsabtar sauti. Da damina, kowace walƙiya sai ka ji ƙas-ƙas a AM, domin tsayin igiya take taɓawa, kuma a nan saƙon yake. FM, wadda Edwin Armstrong ya samu rajistar ƙirƙirarta a 1933, a saurin kaɗawa take ajiye saƙo. Sai dai faɗin filin da take ci a zangon rediyo take biya da shi: kusan kilohaz 180, alhali tazarar tashoshin matsakaicin zango a Afirka kilohaz 9 ce.

A lissafin AM kuma ana manta cewa faɗin filin ninkin sautin ne sau biyu, saboda saƙon yana bazuwa gefe biyu ne, sama da ƙasan igiyar dako. Kuma ko an ɗora saƙo ɗari bisa ɗari, kashi biyu cikin uku na wutar yana tafiya ne a igiyar dako. In aka zarce ɗari, murya ta dagule, ta kuma fantsama cikin tashar maƙwabta.

Ɗibar samfuri, wato auna tsayin igiyar sauti a kai a kai don mayar da shi lambobi, ita ce ta fi damuna, don a nan hadda ke yi wa ɗalibi illa. Ka'idar Nyquist da Shannon ta ce yawan ɗiba ya zarce ninki biyu na kaɗawa mafi sauri a cikin saƙon. Ya zarce, ba ya yi daidai ba: in ka tsaya cif, kana iya faɗawa kan sifili kowane karo, ka tashi a tutar babu. Shi ya sa muryar tarho, da aka tsayar a haz 3,400 (kaɗawa sau 3,400 a daƙiƙa), ake ɗibarta sau 8,000 a daƙiƙa, faifan CD kuma sau 44,100, tunda kunne na ji har wajen haz 20,000.

Wasu na zaton in ɗiba ta gaza, sautin sama, wato mai saurin kaɗawa, ɓacewa kawai yake yi. Ina ma! Rikiɗa yake. Sautin haz 5,000 da aka ɗiba sau 8,000 zai fito a matsayin haz 3,000, kamar tayar mota a bidiyo da za ka ga tana juyawa baya alhali motar gaba take yi. Da zarar ya shiga, babu manhajar da za ta bambanta shi da na gaskiya. Don haka filtar da ke tare sautin sama kafin ɗiba ake saka ta, ba bayanta ba. Mai haɗa sauti ma ya lura: muryar da aka ɗauka a 8,000, ko an ɗaga ta zuwa 48,000 a kwamfuta, fayil ne kawai zai yi nauyi. A saita na'urar a 48,000 tun kafin a fara ɗauka.