Yadda Za Ka Yanke Shawara Kan Allurar Jininka Idan Ciwon Jijiya Ya Ƙi Warkewa

Mai ciwon agara yakan gane shi tun daga takun farko na asuba, lokacin da ya sauko daga gado zai tafi alwala, bayan diddigensa ya riƙe kamar an ɗaure shi da igiya, har sai ya yi 'yan taku kafin wurin ya saki. Haka shi ma mai ciwon gefen gwiwar hannu, wanda ɗaukar buta ko matse wanki ke sa shi cije leɓe. Waɗannan jijiyoyi su ne ke haɗa tsoka da ƙashi, kuma jinin da ke isa gare su kaɗan ne, shi ya sa suke da nawar warkewa. Idan ciwon ya shafe watanni, ba wuya mutum ya ji labarin maganin da ake cewa yana sabunta jijiya, wanda mafi shahararsa shi ne allurar da ake haɗawa daga jinin mutum kansa, wadda likitoci ke kira PRP. Kafin ka ba da kuɗinka, akwai abubuwan da ya kamata ka bi a jere.

Da farko ka tabbatar da abin da ke damunka a wurin likitan ƙashi, irin waɗanda ke Asibitin Ƙashi na Dala a Kano ko asibitocin koyarwa, domin jijiyar da ta gaji daban take da wadda ta tsinke. Wanda ya ji kamar an buge shi da sanda a bayan ƙafa, daga nan ya kasa tsayuwa a kan yatsunsa, ba allura yake buƙata ba, kuma bai dace ya tsaya wurin mai ɗori ba, ya je asibiti a ranar. Ka kuma faɗa wa likita duk magungunan da kake sha, musamman Cipro, wanda ake yawan sha a ƙasarmu da sunan maganin taifot, alhali tun 2008 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta tilasta sanya gargaɗi mai ƙarfi a kansa da danginsa saboda suna iya jawo tsinkewar jijiya. Ciwon suga da ba a kula da shi ba ma yana jinkirta warkewa.

Abu na biyu shi ne wanda mutane suka fi tsallakewa, kuma a ganina shi ne mafi muhimmanci: motsa jijiyar da nauyi, a hankali, na tsawon lokaci. A 1998 wani likita ɗan ƙasar Suwidin mai suna Hakan Alfredson ya wallafa tsarin da har yau ake amfani da shi a kan ciwon tsakiyar agara. Mutum zai tsaya a bakin matakala da gaban tafin ƙafarsa, ya ɗaga jikinsa da ƙafar da ke lafiya, sannan ya sauke diddigen mai ciwon sannu a hankali har ya wuce bakin matakalar. Ana yin sau 15 har zagaye 3 da gwiwa a miƙe, a sake yin haka da gwiwa a ɗan lanƙwashe, safe da yamma, wato sau 180 a rana, har makonni 12. Ɗan zafin da za a iya jurewa ba laifi ba ne. Idan kuwa ciwon yana daidai inda agara ta manne da ƙashin diddige, a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ake yi, ba a barin diddige ya sauka ƙasa da matakala. Likitan gashin ƙashi, wato mai koyar da motsa jiki a asibiti, shi ne zai daidaita maka wannan. Wanda bai cika watanni uku yana wannan aiki ba bai kai ga cewa ciwonsa ya ƙi magani ba.

Idan ka cika su ba sauƙi, to ka san mene ne ainihin PRP. Ana ɗiban jini kaɗan daga hannunka, a sa shi cikin na'urar da ke juya shi da gudu na 'yan mintuna har ya rabu, jajayen ƙwayoyi su kwanta a ƙasa, ruwan ɗorawa ya taso sama. A cikin wannan ruwa ake tattara ƙwayoyin da ke daskarar da jini idan an yi rauni, waɗanda ke ɗauke da sinadaran da ke zaburar da gyaran nama, sannan a zuba su a wurin ciwon. Tunanin yana da ma'ana, kuma tunda jininka ne, haɗarinsa kaɗan ne idan an kiyaye tsafta.

Sai dai gwaji bai ba shi gaskiya yadda tallarsa ke nunawa ba. A 2010 an gwada shi a Holan a kan mutum 54 masu ciwon agara, rabi aka yi musu PRP, rabi ruwan gishiri, dukkansu suna motsa jiki, kuma ba a ga bambanci ba. A 2021 an sake gwadawa a Birtaniya da mutum 240, sakamakon bai sauya ba bayan watanni shida. A shekarar 2021 ɗin ce kuma ƙungiyar Cochrane, mai tantance binciken lafiya na duniya, ta tattara gwaje-gwajen da aka yi kan ciwon gwiwar hannu, ta ce amfanin allurar kaɗan ne ko babu. Akwai gwaje-gwajen da suka nuna ta fi allurar kotizon, wato maganin kumburi, bayan watanni, amma ita kotizon an san tana kwantar da zafi na 'yan makonni sannan ciwon ya fi yawan dawowa. Allurar ƙwayoyin halitta na tushe da ake ɗebowa daga ɓargo ko kitse ta fi tsada nesa ba kusa ba, hujjarta ta fi rauni, kuma hukumar Amurka ba ta amince da ita a matsayin maganin jijiya ba.

Duk da haka, wanda ya yi watanni shida yana fama, aikinsa na birkila ko ɗinki ya tsaya, kuma yana gudun tiyata, yana da damar ya gwada da idonsa a buɗe. Ka tambayi likitan ko da na'urar sikanin zai bi allurar har ta kai wurin da ya lalace, allura nawa yake nufin yi, nawa ne jimillar kuɗin, kuma wane tsarin motsa jiki zai biyo baya. Duk wanda ya yi maka alkawarin warkewa tabbas, ka ɗauki takalmanka. Yawanci akan dakatar da magungunan kumburi irin su diklofinak da ibuprofin kwanaki kafin allurar da bayanta, a koma farasitamol, amma kada ka daina asfirin ko maganin tsinka jini da aka rubuta maka don zuciya sai da izinin wanda ya rubuta.

Bayan allurar wurin yakan ƙara zafi na 'yan kwanaki, wannan ba abin tsoro ba ne, amma zazzaɓi ko ja da kumburin da ke ƙaruwa alama ce ta ƙwayar cuta, a koma asibiti nan take. Kafin a yi maka, ka ƙirga sau nawa kake iya ɗaga diddige a kan ƙafa ɗaya, ka rubuta, ka sake ƙirgawa duk bayan makonni biyu. Idan watanni uku suka cika adadin bai motsa ba, kada ka biya kuɗin zagaye na biyu, ka koma ku tattauna batun na'urar da ke bugun jijiya da igiyar sauti ko kuma tiyata.